Kakana Mai Gilasan Bakin Ruwa

Labarin rasuwar kakana ya same ni a Tawa, ina cikin aji. Mushe, wato malaminmu, ya ba ni izini, na samu kamiyon, motar kaya, da ke zuwa Madawa, daga can na bi 'yan kasuwa da jakunansu har Buza. Kafin in iso an riga an rufe shi, ana shirin sadakar uku. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Ban taɓa ganin ƙofar gidan nan da mutane kamar ranar ba. An shimfiɗa tabarmi tun daga zaure har gindin aduwa. Na durƙusa na gai da manya, na samu wuri can gefe na zauna. Ni ba mai yawan magana ba ne, amma ina da kunne, kuma abin da na ji a ranar shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Limamin unguwa ya shafa gemu ya ce, "Bawan Allah ne mai zurhin tunani." Wannan limamin shi ne ya taɓa faɗa wa jama'a cewa duk gidan da akwatin hotunan kakana ya kwana, mala'iku ba sa shiga.

Wani dillalin awaki ya karɓa, "Ya ga duniya, wallahi. Irinsu sun ƙare." Shi ne ya laƙaba masa sunan da yara suka riƙa bin sa da shi a kasuwa, wai Tsoho Mai Tekun Ƙarya.

Can sai ga tafintan bariki cikin farar riga, turarensa ya riga shi isowa. Ya yi addu'a gajera, ya gyara zama, ya ce, "Buza ta yi rashin babban artis." Ya dubi dama ya dubi hagu ko wani zai tambaye shi ma'anar kalmar. Babu wanda ya tambaya. Duk da haka ya fassara.

Aka kawo gumba. Nan yabo ya tsaya, hannuwa suka kama aiki. Na ga dillalin nan yana cusa dunƙule biyu cikin aljihu da hannun hagu, dama tana shafa fatiha.

Duk tsawon hanya abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Fuskar kakana na san ba zan tarar da ita ba. Amma akwai wani ƙaramin akwatin katako a ƙarƙashin gadonsa, cike da gilasai, kuma kawuna babba ya rantse tun shekaru da dama cewa ranar da tsohon ya mutu sai ya farfasa su a kan dutsen niƙa. Da na shiga cikin gida na gai da uwata da kakata, sai na saci jiki na leƙa ɗakin. Akwatin yana nan, naɗe cikin tsohon saƙinsa. Na yi ajiyar zuciya na fito.

Ga yadda gilasan suka zo Buza. Lokacin yaƙin Turawa na farko aka kwashi maza majiya ƙarfi daga Adar, kakana yana cikinsu, ɗaukar kaya aka ba shi. Bai kai ga jirgin ruwa ba, ciwo ya kayar da shi a wani ƙaramin tsohon gari na bakin teku a ƙasar Dahome, aka bar shi nan. Sunan garin yana da wuyar faɗi, shi dai Bakin Ruwa yake ce masa. Da ya warke sai ya shiga hannun wani tsohon mai ɗaukar hoto, baƙar fata mai sunan Turawa. Shekaru ya yi yana ɗaukar masa akwatin hoto mai ƙafa uku, yana haɗa masa magani, yana wanke gilasai cikin duhu. Da rana akwatin na maigida ne, ana ɗaukar 'yan kasuwa da amare. In dare ya yi, maigida ya kwanta, sai ya ce masa ya je ya yi abin da ya ga dama, kada dai ruwan gishiri ya taɓa katakon. Shi ya sa duk abin da kakana ya ɗauka da hannunsa a garin nan, na dare ne. Da maigidan ya mutu, magada suka bar masa tsohon akwatin, ya ɗoro shi a ka tare da gilasansa ya dawo gida.

Ya dawo ya tarar da mutanen da ba su taɓa ganin ruwan da ya wuce tabki ba. Ya raina su, su ma suka rama.

Ina ƙarami na fara ganin gilasan. Da la'asar yake fito da su, in rana ta yi sanyi. Yana kama kowanne ta gefe da yatsu biyu, ya ɗaga shi sama ta fuskar haske. Girman kowanne bai wuce tafin hannu biyu ba. A gilashi komai a juye yake fita. Abin da ke fari ya zama baƙi, abin da ke baƙi ya zama fari. In ba ka saba ba, sai ka ce hayaƙin fitila ne ya kama shi. Sai ka daɗe kana kallo, idonka ya zauna, sannan gari ya fara tasowa.

Akwai tsohon ginin yaƙi na Turawan da, da manyan bindigogi kwance a gindinsa kamar shanu. Akwai gidajen bene na fatake masu baranda ta katako, waɗanda masu su suka mutu teku yana cin bayansu. Akwai kwale-kwale kife a kan rairayi. Itatuwan kwakwa kuwa gindinsu ya fito sarai, amma kawunansu sun dame kamar hayaƙi, don iska ba ta bar su sun tsaya ba. Teku, wanda kakana ya ce ko na ƙiftawar ido ba ya hutawa, ya fito sumul kamar daɓen ɗakin da aka gama bugawa.

Ya bayyana mini dalili. Da dare haske kaɗan ne, sai an bar idon akwatin a buɗe ya daɗe yana sha. Ba shi da agogo. Hularsa yake rufe idon da ita, in ya kafa ƙafafun ya daidaita sai ya zare hular a hankali ya fara karanta Yasin. In wata ya cika, kafin ya gaji ya mayar da hula. In wata rabi ne, sai ya yi ta maimaitawa har sauro ya ƙoshi. Duk abin da ya motsa a tsakanin nan ba ya fita. Mutum ya bi ta gaban akwatin, gilashi bai san ya wuce ba. A ɗaya daga cikinsu akwai wani baƙin zare da ya ratsa titi yana lanƙwasa. Ya ce wani ne ya wuce da fitila. Hasken ya zauna, mutumin babu shi. Cikin gilasan duka mutum ɗaya ce ta fito, wata mai sayar da soyayyen kifi da barci ya kwashe a gindin fitilarta, ta dafa kunci.

Wannan shi ne abin da mutanen Buza suka kasa haɗiyewa. Na tuna wata rana a zaure, maƙwabta sun taru ana miƙa gilashi daga ido zuwa ido, shi yana riƙe, don bai yarda kowa ya taɓa ba.

Dillalin nan ya ce, "To, ina mutanen garin?"

"Suna nan. Tahiya sukai."

"Suna nan, ba a ganinsu?"

"Ba su tsaya ba."

"Gari dut babu wanda yat tsaya sai mai kwana?" Aka fashe da dariya. "Tsoho, ko dai garin aljannu kat tahi?"

Wani baƙo daga Keita ya matso ya ƙanƙance ido ya ce, "Wanga hwage shi ne teku? Ai tabkinmu in damana ta yi kyau ya hi shi ruwa."

Kakana ya mayar da gilashin cikin tsagarsa, ya rufe akwati, ya ce, "Ku tashi ku ba ni wuri. Awakinku ma sun hi ku kallon abu." Daga ranar bai sake fito da su gaban taro ba.

Ba zan yi abin da masu gumba suka yi ba, in shafa masa man da bai shafa da ransa ba. Kakana mutum ne mai raini. Manomi ne na banza, gonarsa ta fi ta kowa ciyawa a kwarin nan. In ana maganar ruwan sama sai ya ce, "Wanga yayyahi kuka kira ruwa?" In an kawo tuwo da miyar kuka sai ya tuna kifi. Kakata ce ta riƙe gidan da saƙar tabarma da sayar da fura, ita ce kuma bai taɓa nuna wa gilashi ko ɗaya ba. Kwamandan, Baturen bariki, ya gani, baƙon Keita ya gani, ni jikansa na gani sau ba adadi. Ita kuwa in ta shigo shara sai ya ce, "Kak ki taɓa min akwati." Na taɓa ce masa ya nuna mata mai kifin nan. Ya ce, "Ita? Mi ta sani da teku? Bar ta da ƙoranta."

Ni ɗan lakwal yake ce mini, wato ɗan makarantar boko, ko ɓarawon mata, don wasan da ke tsakanin kaka da jika. In na shigo sai ya ɗaga murya, "Ga mai ƙwace min tsohuwa ya zo! Kai, da wagga ƙahwa taka awa ta zalɓe za ka riƙe mace?" Kakata ta amsa daga madafa, "Bar min angona, ya hi ka tsabta." Ni kunya ke hana ni ramawa. Ina jin shirun nan nawa ne ya sa ya yarda da ni. Ya ce ni kaɗai ne a gidan nake iya zama wuri ɗaya har gilashi ya kama ni.

Rigimarsa da kawuna babba ta samo asali daga bariki. Bayan shekarar da fara ta cinye amfanin gona, da mutane suka fara farfaɗowa, labarin gilasan ya kai kunnen kwamandan. Ya zo da kansa har zaurenmu, da tafinta da gardi biyu, dogaran bariki. Ya daɗe yana kallo, ya cire hularsa, ya yi magana mai tsawo. Tafinta ya ce Bature yana son su duka, zai kai su ƙasarsu a buga su cikin littafi, kuma zai ba da tukwici mai kyau.

Kakana ya ce, "A buga da sunan wa?"

Tafinta ya yi dariya. "Haba, Tsoho. Wa za ya karanta sunanka a can? Da sunan mai littahi mana."

"To ka hwaɗa mai teku na nan inda nib bar shi. Shi tahi da tashi hula shi tsaya."

Yanzu da na iya Faransanci na san maganar nan ana iya juya ta da taushi. Tafinta bai juya ta da taushi ba. Na ga wuyan kwamandan ya yi ja. Ba a yi mako ba gardi suka zo ɗibar mutanen aikin dole na hanyar Madawa, aka kira kawuna babba, alhali ya riga ya yi nasa zagayen. Lokacin girbi ne, matarsa tana da tsohon ciki. Ya yi rani guda yana fasa dutse. Ya dawo an haifi ɗansa an yi suna ba shi nan, tsuntsaye sun cinye rabin dawarsa, yatsunsa biyu na dama sun murƙushe, har yau ba sa lanƙwasuwa.

Ranar da ya dawo bai ko sha ruwa ba. Ya tsaya tsakar gida ya ɗaga hannun ya ce, "Baba, duba."

Kakana ya duba.

Kawu ya ce, "Don baƙin gilashi. Da ka ba shi, mi za ya ragu gare ka?"

"Da na ba shi, da ban tahi ko'ina ba."

"To ni na tahi. Na rantse da Allah, ranar da anka rufe ka, sai na niƙe su awa barkono."

Kakana bai ba shi haƙuri ba, a ranar ko bayanta. Ya shiga ɗaki. Na bi shi na tarar yana zaune bakin gado, akwatin a kan cinyarsa, bai buɗe ba. Tun daga nan uba da ɗa gaisuwar safe kawai ke haɗa su. Wannan tafintan shi ne mai turaren da ya zo makoki yana kiran kakana artis. Yanzu da aka soke aikin dole, ya fi kowa ba da labarin yadda abin yake ƙona masa rai.

Akwai wani abu kuma da babu wanda ya ambata a kan tabarmin makoki, don babu riba cikin ambatonsa. Maganin wanke hoto da ya zo da shi daga Bakin Ruwa ya yi ta raguwa, a Adar kuwa babu inda ake samunsa. Ya rage masa ɗan kaɗan a kwalba, da gilashi ɗaya da ba a ɗauka ba, da takarda ɗaya. Ya ce ya ajiye su don Buza. Yana son wata rana in wata ya cika ya hau kan dutse ya ɗauki garin da dare. "Ko don in ga yadda yaka zama in mutanensa sun yi shiru," in ji shi. Shekara da shekaru yana cewa bai ga daren da ya dace ba.

Sai yaƙi na biyu ya zo, aka fara ɗibar soja. Akwai wata Bafillata da ke kawo mana nono daga rugarsu ta hanyar Garhanga. Ɗanta ɗaya namiji, aka ɗauke shi. Ana gobe za a tafi da su ta zo da shi ƙofar gida, ta tsuguna, ta ce da kakana cikin Hausarta mai karkata ta ji an ce yana iya cire kamar mutum ya ajiye.

Ya ce, "Magani ya ƙare."

Ba ta tashi ba.

"Na ce ya ƙare. Ke kurma ce?"

Ta ci gaba da zama, yaron yana tsaye bayanta da sandarsa. Kakana ya yi tsaki ya shiga ɗaki. Muka ji yana jan kaya yana faɗa shi kaɗai. Ya fito da akwatin hoton, gara ta ci ƙafa ɗaya, ya tokare ta da turmi. Ya tsayar da yaron jikin katanga yana yi masa tsawa. "Tsaya, ɗan nema! Kak ka kihta. Saniya ce ta koya maka tsayuwa?" Ya shige ɗaki ya toshe ƙofa da bargo, ya daɗe. Da la'asar ya miƙa wa matar takarda da ɗan gilashin duka, ya ce ta tafi kada ta sake damun sa. Ta kawo masa ɗan maraƙi ya kore ta da shi. Yaron bai dawo ba. Daga ranar kakana bai sake ɗaukar hoto ba, bai kuma sake maganar hawa dutse ba. Matar ta zo gaisuwar rasuwar kakana, na gan ta. Ba ta shiga cikin masu yabo ba. Ta ajiye ƙwaryar nono a bakin zaure, ta zauna nesa har rana ta karkata, ta tashi ta tafi.

Bayan sadakar bakwai aka zauna rabon gado. A nan ba a raba kayan mamaci da dauɗar jikinsa. Mata sun riga sun wanke rigunansa da bargonsa da ƙwaryar furarsa, an shanya, an ninke. Aka fito da komai tsakar gida. Ba wani abin kirki ba ne. Gona, jaki, awaki kaɗan, riguna, akwatin hoto da gara ta gama da shi. Ƙaramin akwatin gilasai aka ajiye a gefe, don limam ya ce bai san a wane babi zai sa shi ba.

Ni ɗan 'ya mace ne, ba ni da gado a gidan. Na san haka. Na yi ta haɗa maganata a zuci tun asuba, amma da na buɗe baki sai ta fito guntu-guntu.

"Kawu, in an yarda. Gilasan nan. Ina so."

Kawuna ƙarami, wanda ke da tebur a kasuwa, ya ce, "Mi za ka yi da su? Ai masu gyaran hitila na neman gilashi."

Kowa ya juya ya dubi kawuna babba, don kowa ya san rantsuwarsa. Dutsen niƙa yana nan kusa da shi, bai fi taku kaɗan ba. Ya dubi akwatin ya daɗe. Ya tashi ya ɗauke shi da hannun hagu. Ya zo ya dire shi gabana.

"Ɗauki. Ka hitar min da su daga garin ga, kar in sake ganinsu. Malam, rantsuwa kuma sai ka hwaɗa min kahhwararta."

Limam ya ce azumi uku ne ga wanda ba shi da halin ciyarwa. Dillali ya ce kai, wannan ɗa ya cika ɗan halak. Na mayar da akwatin ɗakin kakana na tura shi ƙarƙashin gado. Rabona da barci mai daɗi irin na ranar tun ina Tawa.

Washegari uwata ta ce in raka ta Garhanga mu yi wa dangin da suka zo gaisuwa ban gajiya, mu kwana mu dawo, sannan in kama hanyar lakwal. Kafin mu fita na shiga sallama da kakata. Tana zaune kan tabarmar takaba, ta rame, idanunta sun faɗa.

Ta ce, "Angona, an ce kai ka gaji akwatin tsoho."

Na ce, "Ni ne, Kaka."

"Can Tawa za ka kai shi? Cikin ɗiyan manya?"

"Can zan kai shi."

Ta gyaɗa kai. "To, Allah shi kiyaye hanya."

Mun dawo da hantsi. Tun daga zaure na ga wani abu yana walƙiya a tsakar gida. An shimfiɗa sabuwar tabarma a rana, an jera gilasai a kanta sahu-sahu, kowanne yana mayar da haske. Kusa da su ga kaskon toka, ga tukunyar ruwan zafi, ga soso. Ruwan wankin ya gangara ya yi baƙin kwari a ƙasa har bakin rariya. Kakata tana tsugune tana goge na ƙarshe da gefen zanenta.

Ta ɗago ta gan ni, fuskarta ta washe. Tun da na zo ban ga ta yi murmushi ba sai lokacin.

"Angona, ka dawo? Zo ka gani. Dut an wanke kayanshi an bar waɗanga, ni ko ban yarda ka tahi cikin mutane da dauɗa ba, a ce ba ka da kowa gida. Baƙin nan ya kama ƙwarai. Ruwan sanyi bai taɓa shi ba, sai da niz zuba na zahi da toka, sannan yas saki awa hwatar maciji. Tun jiya nika yi."

Ta miƙo mini hannuwanta in gani. Toka ta cinye fatar yatsunta, gefen gilashi ya yanke ta wuri biyu, ta ɗaure da tsumma.

Na tsuguna na ɗauki ɗaya ta gefe da yatsu biyu, na ɗaga. Na ɗauki wani. Na bi su duka, ɗaya bayan ɗaya, ko wani lungun hoto ya tsira, babu. Kakata ba ta yin aiki rabi.

"Sun hita?"

Na ce, "Sun fita, Kaka."

"Shekara nawa ina son in yi musu haka, bai bari ba. Allah shi gahwarta mai, mutum ne mai son ƙazanta."

Ana haka kawuna babba ya shigo da gatari a kafaɗa. Ya tsaya. Ya dubi tabarma, ya dubi baƙin ruwan da ke bin ƙasa, ya dubi uwarsa. Ya jingine gatarin, ya ɗauki gilashi ɗaya da murƙusassun yatsunsa, ya ɗaga sama kamar yadda tsohon yake yi. Ban taɓa sanin ya iya riƙon ba. Ya daɗe a haka. Sannan ya zauna a ƙasa, ba tabarma.

Ya ce, "Inna, baƙin nan shi niy yi wa aikin hanya."

Ta ce, "Na sani, ɗana. Ai ga shi na hitar maka da shi."

Ta shiga mayar da gilasan cikin akwati ɗaya bayan ɗaya, tana hura kowanne kada ƙura ta hau.

Allah ya jiƙan kakana, ya yafe masa raininsa, ya sanya haske a inda yake kwance. Allah ya ba kakata lafiyar hannu, kada kuma ya haɗa ta da mai ba ta labarin abin da ta wanke.